Ranar Da Likita Ya Ce Baba Na Da Ciwon Sukari

Idan kun taɓa raka mahaifi ko mahaifiya asibiti, aka ɗebi jini, likita ya dubi takarda ya ɗago kai ya ce ciwon sukari ne, to kun san irin shirun da ake yi a hanyar komawa gida. Dattijon da ya fita da safe yana tsokanar jikoki, sai ya dawo ya zauna a bakin gado ya yi tagumi. Kafin magariba labari ya zaga dangi. Wannan ta bugo waya ta ce a hana shi shinkafa, wancan ya ce tuwo ma guba ne, maƙwabci ya aiko da jarkar jiƙo mai ɗaci. Gari na wayewa an ɗauke masa kofin shayinsa, an ajiye masa dafaffen wake babu mai babu gishiri.

Babu shakka ƙauna ce ta jawo duk wannan kai-komo. Sai dai a gidaje da yawa, yadda aka karɓi labarin shi ke fara karya tsoho tun cutar ba ta yi masa komai ba. Cikin wata biyu za ku ga ya zube, riga ta yi masa yawa, ya daina fita majalisa, ya daina cin abinci cikin mutane. Sai a ce sukarin ne ke cin sa, alhali sau da yawa yunwa ce da fargaba da kaɗaici. Ciwon sukari a jikin mai shekara 70 yana da nasa hali, kuma kulawar da yake bukata ta bambanta da ta mai shekara 40. Abin da za mu duba ke nan.

Me likita ya gani a jinin?

Duk abincin da ke da sitaci, kamar tuwo, shinkafa, doya, burodi da fura, idan ya narke a ciki yakan koma sukari ya shiga jini. Akwai wata gaɓa a bayan tumbi da likitoci ke kira pankiriyas, ita ke fitar da sinadarin insulin. Aikin insulin shi ne buɗe wa sukari ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka da sauran sassan jiki, ya zama ƙarfi. A nau'i na 2, wanda shi ne ke damun fiye da kashi 90 cikin 100 na masu cutar, jiki yana daina jin maganar insulin yadda ya kamata, ita kuma pankiriyas ta gaji da ƙarin aiki. Sai sukari ya taru a jini, yana lalata jijiyoyin ido, ƙoda, ƙafa, zuciya da ƙwaƙwalwa sannu a hankali.

Ana tabbatar da cutar idan awon safe, kafin a ci komai, ya kai 126 mg/dL ko ya wuce. A na'urar da ke ƙirga da mmol/L, wannan shi ne 7.0. Akwai kuma gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda sukari ya kasance cikin kusan wata 3 da suka wuce. Idan ya kai 6.5 cikin 100, shi ma shaida ne. Ku san irin na'urar da ke gidanku, domin 7 a wata na'ura daidai yake da 126 a wata, kuma rashin sanin haka ya sha tayar da hankalin mutane a banza.

Baba ba shi kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu cutar sun tashi daga miliyan 200 a 1990 zuwa miliyan 830 a 2022. Ƙungiyar IDF mai bin diddigin cutar a duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke da ita a yankin Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su san suna da ita ba. Wanda aka gano tasa, ya riga waɗannan samun dama.

Yadda take fakewa da tsufa

Alamomin da kowa ya sani su ne yawan ƙishirwa, yawan fitsari da rama. A jikin tsoho ba lallai su fito fili ba, saboda jin ƙishirwa kansa yana raguwa da shekaru. Abin da za ku gani shi ne kasala, yawan gyangyaɗi, gani dishi-dishi, mantuwa, maruru masu dawowa, miki da ya ƙi warkewa, ƙaiƙayin gaba ga iyaye mata, ko fitsari da ke kufcewa da dare. Duka waɗannan mun saba cewa "ai tsufa ne". Shi ya sa da yawa ba a gano su sai cutar ta yi shekaru tana aiki a ɓoye.

Ma'anar wannan ita ce, ranar da aka gano cutar kada ku tsaya a karɓar ƙwayoyi kawai. Ku nemi a auna hawan jini, a duba lafiyar ƙoda, a cire takalmi a duba ƙafa, a tura ku wajen likitan ido. Hawan jini da ciwon sukari abokan tafiya ne, kuma haɗuwarsu ce ke yawan kai wa ga shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya.

Ciwon da ba a gani a takardar gwaji

Yawancin iyayenmu sun san wani da aka yanke wa ƙafa, ko wata da ta makance, ko wanda ake kai wa wankin ƙoda. Da zarar an ambaci sukari, waɗannan mutane ne ke zuwa musu a rai. Tsoho ba zai ce muku yana tsoro ba. Zai dai rage magana, ya riƙa raba dare ido biyu, ya fara maganar rabon gado ba gaira ba dalili. Wata uwar kuma damuwarta ita ce ta zama nauyi a kan 'ya'yanta, sai ta ɓoye cewa maganinta ya ƙare don kada ta ɗora musu kashe kuɗi.

Likitoci sun daɗe da lura cewa ciwon damuwa ya fi yawa a tsakanin masu sukari fiye da sauran jama'a, kuma wanda damuwa ta danne ba ya iya kula da magani ko abinci. Idan kuka ga an yi sama da mako 2 ba ya sha'awar abin da ya saba so, ba ya barci, ba ya cin abinci, ku faɗa wa likita kamar yadda za ku faɗi zazzaɓi. Akwai kuma abin da kunya ke hana maigida faɗa: cutar na iya raunana shi a shimfiɗa. Ku riƙa ba shi 'yan mintuna shi kaɗai da likita, ku jira a waje.

Abin da ya kamata ya ji daga bakinku shi ne gaskiya: cutar ba ta warkewa a rabu da ita, amma ana zama da ita shekaru masu yawa cikin ƙoshin lafiya, kuma yanke ƙafa da makanta abubuwa ne da ake iya kauce musu.

Kada a raba shi da kwanon gida

A nan ne aka fi yin kuskure. An ɗauka mai sukari ba shi da abinci sai acca, alkama da wake. Alkama hatsi ce, tana da sitaci kamar 'yan uwanta. Malmala uku ta tuwon alkama za ta ɗaga sukari fiye da malmala ɗaya ta tuwon dawa. Yawan abin da aka ci da abin da aka haɗa shi da shi, su ne abin lura.

Ga ma'auni mai sauƙi. Ku raba faranti biyu. Rabi ya zama ganye da kayan lambu: zogale, rama, alayyafo, kabeji, kuɓewa, yalo. Ragowar rabin ku sake raba shi biyu: kashi ɗaya tuwo ko shinkafa ko doya, kamar girman dunƙulen hannunsa, ɗayan kuma kifi, ƙwai, nama, wake ko awara. Miyar kuka da ta kuɓewa da taushe duk suna nan daram, a dai rage gishiri da dunƙule saboda hawan jini. Abin da ya kamata a yi sallama da shi a yau da kullum shi ne abin sha mai zaƙi: lemon kwalba, zoɓo da kunun da aka cika wa sukari, shayi mai cokali huɗu. Zuma ma sukari ce. Koko da kunu suna saurin ɗaga sukari ko ba a sa musu komai ba, don haka a sha kaɗan, a haɗa da ƙosai ko ƙwai.

Tsoho yana bukatar abinci mai gina jiki, domin tsoka tana zubewa da shekaru, ciwon sukari kuma yana ƙara mata gudu. Idan tsoka ta tafi, tashi daga tabarma ya zama aiki, ruku'u ya gagara, faɗuwa ta yi sauƙi. Sai dai in likita ya ce ƙoda ta taɓu, sannan zai faɗa muku abin da za a rage. In haƙora sun yi rauni, a dafa ya yi laushi, kada a soke abincin.

Mafi alheri shi ne gida duka ya gyara girki, a ci gaba da zama tare a ci. Ware wa Inna ƙaramin kwano a ɗaki yayin da ƙamshin dafa-duka ke tashi a tsakar gida yana sa ta ji an cire ta daga cikin mutane. Kuma ku tuna cutar tana bin jini. Farantin da ya dace da ita yau, ku ma rigakafi ne a gare ku.

Faɗuwar sukari: haɗarin da ya fi gaggawa

Kowa yana tsoron hawan sukari, amma ga tsoho faɗuwarsa ta fi saurin yin ɓarna. Hawan yakan ɗauki lokaci kafin ya yi illa, faɗuwar kuwa cikin mintuna take kayar da mutum. Tana faruwa idan an sha magani ko an yi allurar insulin ba a ci abinci ba, ko an ci kaɗan, ko an maimaita magani saboda mantuwa. Idan awo ya sauka ƙasa da 70 mg/dL, wato 3.9 mmol/L, sukari ya faɗi.

Matashi zai ji rawar jiki, zufa da bugun zuciya. Tsoho kuwa sau da yawa jiri ne kawai, ko ruɗewa, ko magana ba kan gado, ko fushi marar dalili, ko ya yanke jiki ya faɗi. An sha ɗaukar wannan a matsayin rikicin tsufa ko taɓin iska, a tsaya ana hayaƙi da tofi alhali cokalin sukari ake bukata.

In yana cikin hayyacinsa kuma yana iya haɗiya, ku dama ƙaramin cokali 3 zuwa 4 na sukari a ruwa ku ba shi, ko rabin kofi na lemon kwalba mai zaƙi. Ku jira minti 15 ku sake aunawa; in bai tashi ba ku maimaita, sannan ku ba shi abinci. In ya suma, kada ku ɗura masa komai a baki don kada ya shaƙe. Ku kwantar da shi a gefensa ku garzaya asibiti.

Ku san sunan maganin da yake sha. Metformin shi kaɗai ba kasafai yake kayar da sukari ba. Glibenclamide kuwa, wanda ya yawaita a kemis saboda arha, yana daɗewa a jiki, musamman in ƙoda ta yi rauni, kuma sukarin da ya kayar yana iya sake faɗuwa bayan sa'o'i. Shi ya sa likitoci ke kaffa-kaffa da shi ga tsofaffi. Kada ku tsayar da shi da kanku, amma ku tambayi likita ko akwai wanda ya fi dacewa. Saboda wannan haɗari ne ma ake sassauta wa tsofaffi ma'auni: mai sauran ƙarfi ana so HbA1c ɗinsa ya tsaya ƙasa da 7 zuwa 7.5, mai rauni ko mai cututtuka da yawa kuma ana yarda da ƙasa da 8. Don haka kada ku matsa wa Baba sai awonsa ya yi daidai da na saurayi.

Hawan ma yana da nasa gaggawar. A watannin zafi, tsohon da ba ya jin ƙishirwa yana iya bushewa, sukari ya yi sama sosai har ya fita hayyacinsa. Ku ajiye masa ruwa kusa, ku riƙa tuna masa ya sha. Ranar da yake amai, gudawa ko zazzaɓi, a tuntuɓi asibiti da wuri.

Ƙafa da ido

Cutar tana kashe jijiyoyin ji a ƙafa. Mutum zai taka ƙaya ko ƙusa bai sani ba, sai wari ko kumburi ya tona. Tsohon da ba ya iya sunkuyawa, idonsa kuma ya yi rauni, ba zai ga tafin ƙafarsa ba. Wannan aikin ɗa ne ko jika: minti 2 kullum, a duba tafi, dunduniya da tsakanin yatsu.

Bayan alwala a tsane tsakanin yatsu da tsumma mai tsabta. A shafa mai a dunduniya saboda faso, amma ban da tsakanin yatsu. Lokacin hunturu ku taɓa ruwan zafi da hannunku kafin ya zuba a ƙafa, kuma kada ya miƙa ƙafa kusa da kaskon wuta. Kada ya taka ƙasa ba takalmi, ko da daga ɗaki zuwa masallacin ƙofar gida ne, kuma a zazzage takalmi kafin a sa. A bar yanke kaushi da reza. Duk mikin da ya kwana biyu bai nuna alamar warkewa ba, ko ya yi baƙi, ko yana ruwa, na asibiti ne a ranar.

Ido kuma a kai shi a duba sau ɗaya a shekara ko da yana gani garau, domin lalacewar bayan ido ba ta ciwo sai ta yi nisa. Tafiya ma magani ce. Ana so babba ya samu minti 150 na motsa jiki a mako, wato kamar rabin awa sau 5. Tattaki zuwa masallaci, shara, 'yar gonar bayan gida, duk suna cikin lissafi. Hana tsoho motsi da sunan tausayi yana ƙara masa rauni ne.

Idan azumi ya zo

Wanda ya yi shekara 50 bai sha azumi ba, ba ƙaramin abu ba ne a ce masa ya ajiye. Ku fara maganar da wuri, kamar wata 2 kafin Ramadan, tare da likita. Wasu za su iya yi bayan an sauya musu lokaci da yawan magani. Wasu kuwa, kamar mai yawan faɗuwar sukari, mai ciwon ƙoda, ko wanda mantuwa ta kama, azumi haɗari ne a gare su. Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame, kuma wanda ba a sa ran zai iya ramawa yana ciyarwa. Wannan magana ta fi shiga kunnen dattijo in ta fito daga bakin malamin da yake girmamawa.

Wanda zai yi, ya jinkirta sahur, ya sha ruwa sosai tsakanin magariba da asuba, ya yi buɗa-baki da dabino ɗaya ko biyu, kada a tara masa kunu da soye-soye. Auna sukari da rana ba ya karya azumi. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce a karya nan take in awo ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, ko da saura minti 10 a sha ruwa.

Magani, aljihu da masu jiƙo

Magani na kullum ne, kuɗinsa ma na kullum ne. Ku zauna ku 'ya'ya ku raba nauyin tun farko, a san wanda ke sayen magani, wanda ke kai shi asibiti, da wanda ke riƙe da littafin awo. Duk ranar ganin likita ku tafi da dukkan abin da yake sha a leda ɗaya, har da na gargajiya. Haɗin maganin ciwon gaɓoɓi da ake saya a kemis yana iya ƙunsar prednisolone ko dexamethasone, masu ɗaga sukari, ko diclofenac da ibuprofen, masu wahalar da ƙoda.

Za ku ji masu lasifika a kasuwa suna alkawarin raba mutum da sukari cikin mako guda. Ɗaci ba ya wanke sukari daga jini. Haɗarin ya fi yawa idan aka ajiye maganin asibiti saboda jiƙo, ko aka haɗa su ba da sanin likita ba.

In an ce sai insulin, kada a ɗauka ƙarshe ne ya zo. Tun da Frederick Banting da Charles Best suka gano shi a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921 yake ceton rayuka, kuma ranar haihuwar Banting, 14 ga Nuwamba, ita ce Ranar Ciwon Sukari ta Duniya. Wanda ba a buɗe ba ana ajiye shi a firji, amma kada ya daskare. Wanda ake amfani da shi yana yin kusan mako 4 a wuri mai sanyi da babu rana. Inda babu wuta, dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda marigayi Mohammed Bah Abba ya yaɗa daga Jigawa har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex, tana taimakawa. A dai sa kwalbar cikin roba mai murfi don kada ruwa ya taɓa ta.

Ku bar masa girmansa

Mutumin da ya ciyar da ku shekara da shekaru, yana jin ciwo idan jika ya fizge masa ƙosai a gaban baƙi, ko suruka ta yi masa faɗa kan cokalin shinkafa. Ku daina tsare shi kamar ɓarawo. In awo ya hau, ku tambaya cikin ladabi, "Baba, me muka ci jiya?" sannan a gyara tare. In za a je biki ko suna, a tafi da shi, ya ci kaɗan daga abin da kowa ke ci. A gaban likita ku bar shi ya yi bayani da bakinsa kafin ku ƙara naku. Ku sa masa 'yar takarda a aljihu mai ɗauke da sunan cutar, maganin da yake sha da lambar wayar ɗayanku, tare da ƙwayar sukari ko alewa.

Ku kuma iyayenmu da kuke karanta wannan, ko ake karanta muku, kada ku ɓoye wa 'ya'yanku jiri, miki ko ƙarewar magani don gudun ɗora musu nauyi. Abin da za a kashe yau a kan ƙaramin miki bai kai kashi ɗaya cikin goma na wahalar kwanciya asibiti ba.

Da daren nan, bayan sallar isha'i, ku ɗauki fitila ku je ku zauna kusa da shi. Ku ce ya miƙo ƙafa ku duba. Ku tambaye shi abin da ya ci yau, da abin da yake marmari a dafa masa gobe. Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana, Ya ba mu ikon kula da su kamar yadda suka kula da mu.